Me ya sa mutanen Ingila ke ɗokin dusar ƙanƙara, kuma ko za ta sauka bana?

Wani ƙanenmu da ke karatu a Coventry ya aiko da tambaya. Ya ce hunturunsa na biyu ke nan a Ingila, amma bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ta kirki ba, sai 'yar kaɗan da ke narkewa kafin hantsi. Maƙwabcinsa dattijo ba shi da hira sai ta sanyin 1963, abokin karatunsa kuma kullum idonsa na kan taswirar yanayi a waya yana cewa tana nan tafe nan da kwana 10, kuma shiru. Yana so ya san dalilin wannan ɗoki, da abin da ya sa ƙasar da ke can arewa haka take ƙarancin dusa, da kuma ko bana za a dace.

Ƙanena, sannu da ɗari. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, tunda na san ita ce a ranka. Babu masanin da zai iya ce maka tun daga Nuwamba ko farkon Disamba ranar kaza dusa za ta rufe Coventry. Mu da muka karanci wannan fanni ba mu iya ba, manyan kwamfutocin hasashen yanayi ma ba su iya ba. Abin da zan iya shi ne in nuna maka abin da ya sa lamarin yake da wuya haka, domin amsar sauran tambayoyinka biyu a nan take.

Ɗauki taswirar duniya ka duba. Landan tana kan layi ɗaya da Calgary ta Kanada, wajen digiri 51 arewa da tsakiyar duniya. Edinburgh kuma kusan layinsu ɗaya da Mosko. A Mosko dusa kan kwanta a ƙasa wata 4 ko fiye, a Edinburgh kuwa akan yi hunturu sukutum ba a samu ta mako guda ba. Teku ne ya raba su. Mafi yawan kwanakin shekara, iskar da ke kaɗawa a Birtaniya daga yamma ko kudu maso yamma take fitowa, bayan ta ratso dubban kilomitoci a kan Tekun Atilantika. Ruwan teku yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa, ga igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga wajen Meksiko tana malalowa har gaɓar Norwe. Ko a tsakiyar Janairu, ruwan da ke kudu maso yammacin Ingila yana wajen digiri 10. Iskar da ta kwana biyu a kan irin wannan ruwa ba dusa za ta kawo ba, sai yayyafi da wannan lumshi da ka riga ka saba da shi.

Dokar da ke aiki a nan ka san ta tun daga gida. Iskar da ta biyo ta kan tudu busasshiya ce, ita ce ta hunturunmu mai fasa leɓe, wadda ta biyo ta kan teku kuma ita ke ɗauke da ruwa. A Ingila iskar da ke da sanyin gaske daga Rasha ko ƙuryar Arewa take zuwa, kuma ba ta da laima. Wadda ke da laima kuma ba ta da sanyi. Ita kuwa dusa sai an haɗa biyun a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Nan gizo ke saƙar.

Haɗuwar takan faru ta hanyoyi kaɗan, kuma kowace da yankin da take fifitawa. Idan iska ta juyo daga arewa, arewacin Sikotilan da garuruwan bakin teku ne ke kwasar rabonsu, ku da ke tsakiyar ƙasa sai sama tangaran da raɓa mai daskarewa a gilashin mota. Idan daga gabas ta taso, sai ta tsallako Tekun Arewa, wanda ruwansa ke wajen digiri 6 zuwa 8 a hunturu. Iska mai tsananin sanyi a kan ruwa mai ɗan ɗumi tana tayar da tururi, gajimare ya haɗu, ya jero layi-layi ya sauke kayansa a Kent da Essex da Norfolk har zuwa Yorkshire. Sau da yawa kafin ya iso Coventry ya zazzage. Damarku mafi girma ita ce ta uku: sanyi ya riga ya zauna daram a ƙasa na wasu kwanaki, sai hadari ya taso daga Atilantika ya ci karo da shi. Iskar ɗumi ta hau kan ta sanyi, ruwan da take ɗauke da shi ya sauko a matsayin dusa. Amma yankin da ke samunta siriri ne. Idan cibiyar hadarin ta gota arewa da kilomita 80, ruwa za ku sha. Idan ta gota kudu da haka, ko ɗigo ba za ku gani ba.

Ga abin da nake so ka riƙe. A Kanada ko Rasha, idan hadari ya zo a Janairu, ba a tambayar ko ruwa ne ko dusa, domin sanyin ya yi nisa ƙasa da sifili. A Ingila kusan kullum a bakin iyaka ake, tsakanin sifili da digiri 2. Masu hasashe sukan duba iskar da ke wajen mita 1,500 a sama, su so ta kai aƙalla digiri 5 ƙasa da sifili, su duba bushewar iskar ƙasa, su duba ƙarfin zubar. Ruwa mai ƙarfi yana iya sanyaya iskar da yake ratsawa har ya rikiɗe ya koma dusa a cikin sa'a guda, mai rauni kuma ya ci gaba da zama yayyafi. Tsayin wuri ma yana shiga lissafi: kowace mita 100 da ka hau, zafi na raguwa da fiye da rabin digiri, shi ya sa unguwar da ke kan tudu takan yi fari fat, ta ƙasanta kuma titi jiƙe kawai. Milimita 10 na ruwa, wanda ba wanda zai kula da shi, idan ya zo a dusa ya kai wajen santimita 10, abin da ya isa a rufe makarantu. Kuskuren digiri 1 ke raba waɗannan ranaku biyu.

Yanzu sai maganar dattijon maƙwabcinka, kuma ina roƙonka ka zauna ka saurare shi da kyau, domin ba ƙari yake yi ba. Ingila tana da jerin ma'aunin zafi mafi daɗewa a duniya, na tsakiyar ƙasar, wanda ya faro daga 1659, Farfesa Gordon Manley ne ya tattara shi. A cikin wannan jeri, hunturun 1962 zuwa 1963 shi ne mafi sanyi tun daga 1740. Dusa ta sauka a kudancin Ingila ranar 26 ga Disamba 1962, washegarin Kirsimeti. Ranakun 29 da 30 ga wata wata guguwa ta bi ta kudu maso yamma da Wales, iska ta tara dusa a wasu wurare har tsayin mita 6, ƙauyuka suka yanke da kowa. Daga nan sanyi ya ƙi ɗagawa. Matsakaicin zafin Janairu 1963 ya tsaya a digiri 2.1 ƙasa da sifili, wata mafi sanyi tun Janairun 1814. Teku ya daskare har fiye da kilomita 1 daga gaɓa a Herne Bay ta Kent. A wurare da yawa dusa ta yi sama da wata 2 a ƙasa. Zagaye na 3 na gasar cin kofin FA, wanda aka saba gamawa a ƙarshen mako guda, sai da ya ɗauki kwana 66, kuma wasan Coventry City da Lincoln City an ɗage shi fiye da sau 10. Sai ranar 6 ga Maris aka wayi gari babu daskarewa ko'ina a ƙasar.

Ka tambayi dattijon yadda cikin gida yake a lokacin. Yawancin gidaje ba su da na'urar ɗumama ɗakuna, sai murhun kwal guda a falo. Zai gaya maka yadda yara kan farka su tarar ƙanƙara ta yi zane irin na ganye a jikin gilashin taga ta ciki, su huro numfashi su goge da yatsa don su leƙa waje. Zai gaya maka kwalaben madarar da ake ajiyewa a bakin ƙofa da asuba, yadda madarar kan daskare ta kumburo ta tura murfin sama, ya tsaya a kan wani ɗan sandan kirim. Famfo ya daskare, a fita da bokiti neman ruwa. Wanda yake ɗan shekara 8 a lokacin, abin da ya rage masa shi ne makonnin da ya yi yana zamiya a kan tudu. Iyayensa kuwa wahala suka sha.

Waɗanda suka girme shi 1947 suke ambata. Sanyinta bai kai na 1963 tsawo ba, amma dusarta ta fi yawa: daga 22 ga Janairu zuwa 17 ga Maris, kwana 55 a jere, babu ranar da ba ta sauka a wani yanki na ƙasar ba. Ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu ba, abinci ma da kati ake raba shi. Kwal ya daskare a ma'ajiya, jiragen ƙasa suka kasa kai shi tashoshin lantarki, aka riƙa ɗauke wa gidaje wuta sa'a 5 a rana. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tumakin ƙasar suka mutu. Da dusar ta narke a Maris a kan ƙasar da ke daskare, ambaliya ta shafi gidaje sama da 100,000.

Na baya-bayan nan zan bi su da sauri. Janairun 1987 ta binne Kent da Essex. Ranar 2 ga Fabrairu 2009 motocin bas na Landan duka suka tsaya cik. Ranar 7 ga Janairu 2010 tauraron ɗan'adam na NASA ya ɗauko hoton Birtaniya fara tas daga kai har ƙafa, kuma Disambar wannan shekara ita ce mafi sanyi a tsakiyar Ingila tun 1890, har filin jirgin sama na Heathrow ya rufe ana dab da Kirsimeti. Abokin karatunka, in ɗan shekara ashirin da wani abu ne, wannan ce tasa 1963.

Ta 2018 kuwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta koya wa jama'a kalmomin da kake ji a bakin abokin karatunka. A can sama, tsakanin kilomita 10 zuwa 50, akwai wata gagarumar iska da ke kewaya ƙuryar Arewa duk hunturu, daga yamma zuwa gabas, tana tsare da sanyi a cikinta. Ka ɗauke ta kamar katantanwar da yara ke murzawa: muddin tana juyi da ƙarfi, tsaye take ƙyam a wuri ɗaya, da ta rage gudu sai ta fara tangaɗi. Wani lokaci manyan igiyoyin iska daga ƙasa sukan hau su doke ta, zafin can sama ya tashi da digiri 40 ko 50 cikin 'yan kwanaki, juyin ya tsaya ko ma ya koma baya. Haka ta faru wajen 12 ga Fabrairu 2018, iskar ta rabe biyu. Tasirin ya ɗauki mako biyu yana saukowa. Iskar yamma da ta saba turo hadari daga Atilantika ta raunana, iska mai nauyi ta kafu a kan Sikandinebiya ta tare hanya, ƙofar gabas ta buɗe. Ƙarshen Fabrairu sanyin Sibiriya ya iso, jaridu suka raɗa masa Dodon Gabas. Sai guguwar Emma ta taso daga kudu ta ci karo da shi a ranakun 1 da 2 ga Maris. Hukumar yanayi ta ƙasar, Met Office, ta fitar da jan gargaɗi, wato mafi tsanani, a tsakiyar Sikotilan da kudu maso yammacin Ingila da kudancin Wales, direbobi suka kwana cikin motocinsu a kan babbar hanyar M80.

Irin wannan ɗumamar ta sama takan faru kamar sau 6 a shekara 10, kuma ba kowace ce ke kawo wa Ingila sanyi ba. An yi wata a farkon Janairun 2019, masu ɗoki suka zuba ido, abin da ya biyo baya bai taka kara ya karya ba. Alama ce mai ƙara yiwuwa, ba alkawari ba.

To me ya sa suke ɗokinta haka, alhali tana tsayar musu da komai? Ka duba hunturun da kake ciki. A Disamba rana na faɗuwa a Coventry kafin ƙarfe 4 na yamma, sama toka-toka, ƙasa jiƙe, a yi mako ba a ga ƙwayar rana ba. Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 cikin 100 ko fiye na hasken da ya sauka a kanta. Daren da ta sauka, ɗakinka zai yi haske ko ba ka kunna fitila ba, kuma ramukan iskar da ke cikinta suna shanye ƙara, sai ka ji unguwa ta yi tsit. Da safe maƙwabtan da suka shekara ba su wuce gaisuwar kai ba za ka gan su suna tura motar juna. Na ga magidanta masu furfura tsaye a taga da tsakar dare suna kallon hasken fitilar titi, don a nan ake fara gane ko ɗigon da ke saukowa ya soma yin sauƙi yana lilo. Ni ban ga abin dariya a wannan ba. Abin da ba ya zuwa kullum, kuma ba kuɗi ke kawo shi ba, dole a yi marmarinsa. Hatta ma'anar farar Kirsimeti a wurin Met Office ta nuna ƙarancin: ƙwayar dusa guda ɗaya ta faɗo a ko'ina cikin ƙasar a sa'o'i 24 na ranar 25 ga Disamba, an samu ke nan. Wadda ta cika sunanta a kusa ita ce ta 2010, lokacin da kashi 83 cikin 100 na tashoshin awo suka wayi gari da dusa a ƙasa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa masu cewa da can kowace shekara haka take. Ba haka ba ne. Ana tuna 1947 da 1963 ne saboda sun fita daban, an manta da hunturu masu laushi da ke tsakani, irin na 1974 zuwa 1975 ko na 1988 zuwa 1989. Sai dai kuma raguwar gaskiya ce, ba tsufa ne ke sa su faɗa ba. Tsakiyar Ingila ta ƙara ɗumi da kusan digiri 1 idan aka kwatanta da tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma ka ga abin da digiri 1 ke yi a ƙasar da ke bakin iyaka. A kan dutsen Braeriach na Sikotilan akwai wani ɗan fegin dusa da ake kira Sphinx, wanda ya saba kaiwa daga hunturu zuwa hunturu bai narke ba. A duk ƙarni na 20 sau 3 ya ɓace: 1933 da 1959 da 1996. Daga nan sai 2003, 2006, 2017, 2018, sannan shekara huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Wannan jeri yana taɓa ni fiye da kowane jadawali. A 2020 Met Office ta yi hasashen cewa idan hayaƙin da ake fitarwa ya ci gaba da hauhawa, zuwa ƙarshen wannan ƙarni dusar da ke kwanciya a ƙasa za ta kusa ɓacewa a Birtaniya in ban da kan manyan duwatsu. Wannan ba ya nufin an gama da manyan dusa. Iskar da ta ƙara ɗumi da digiri 1 tana ɗaukar ƙarin tururi kamar kashi 7 cikin 100, don haka ranar da sanyi ya samu shiga, zubar na iya yin nauyi. Tazarar da ke tsakani ce ke ƙara tsawo. A Fabrairun 2021 ma garin Braemar ya kai digiri 23 ƙasa da sifili.

Game da taswirar abokinka: mai yiwuwa ta tsarin Amurka ce da ake kira GFS, wanda ke fitar da sabon hasashe sau 4 a rana har zuwa kwana 16 gaba. Duk abin da ya wuce mako guda a irin wannan taswira, ɗan kuskuren awon yau ya riga ya ninka kansa har ya cinye hasashen. Shi ya sa cibiyar hasashen yanayi ta Turai da ke garin Reading na Ingila take gudanar da hasashe guda sau 51, kowane da ɗan canji a mafarinsa. Idan 40 daga ciki sun nuna sanyi, magana ta fara ƙarfi. Idan 3 ne kawai, to waɗannan ukun ne za ka ga an ɗauko an buga a jarida da babban kanu. Ma'aunina shi ne: zuwan sanyi ana iya yarda da shi kwana 5 zuwa 7 kafin lokaci, amma ko dusa za ta sauka a garinku, da yawanta, sai ana saura kwana 1 ko 2, wani lokaci ma sai a ranar. Abin da za ka nema a taswira shi ne iska mai nauyi da ta kafu a kan Girinlan ko Sikandinebiya ta ƙi motsi. In ba ta nan, iskar yamma ce da gari. Kada kuma ka yanke ƙauna don Disamba ta wuce fayau, Janairu da Fabrairu sun fi ta yawan ranakun dusa, Maris ma ba ta baya ba ce, domin a lokacin teku ya gama hucewa.

Idan ta zo, ka tuna ba kowa ke murna ba. Akwai tsofaffin da ke tsoron kunna ɗumama saboda kuɗin gas, akwai masu kwana a titi, akwai makiyayan da dusar Maris 2013 ta binne musu dubban tumaki a lokacin haihuwa. Ka ƙwanƙwasa wa dattijon nan ƙofa ka ji ko yana bukatar burodi ko magani. Kuma don Allah kada ka taka tafkin da ya daskare, komai kaurin da ka ga ya yi. A Disambar 2022 yara maza 4 suka rasu a wani tafki a Solihull, nan kusa da ku, bayan ƙanƙarar ta fashe da su. Sanyin Ingila ba ya daɗewar da zai sa ta ɗauki mutum. Ka nemi takalmi mai tsagi a ƙasa, domin washegarin dusa, lokacin da ta narke ta sake daskarewa, shi ne ranar da aka fi karyewa.

In kuma kana so ka gan ta da idonka ba tare da jiran sa'a ba, hau tudu. Ɗaya daga cikin na kusa da kai shi ne yankin Peak District. Garin Buxton yana wajen mita 300 a sama, kuma a nan ne dusa ta tsayar da wasan kurket ranar 2 ga Yuni 1975. Ka jira ranar da aka ce iska ta juyo daga arewa ko gabas, ka duba ko hanyoyi a buɗe suke kafin ka tashi, don ta Snake Pass tana cikin waɗanda ake fara rufewa. Idan kana da hutun kwana biyu da kuɗin jirgin ƙasa, ka nufi Aviemore a Sikotilan cikin Fabrairu. Duwatsun Cairngorm da ke bayan garin suna ganin zubar dusa wajen kwana 76 a shekara, mafi yawa a ƙasar. Ka tsaya a hanyoyin da ke ƙasa-ƙasa cikin dajin Glenmore, kada ka hau ƙololuwa sai da jagora da kayan da suka dace.